Kwalbar da Larai ta Kawo

Tun da ƙurajen leɓe suka fara makantar da mutane, magani ɗaya ya rage, wanda ake tatsa daga ƙwayoyin halittar ƙasan teku. Ƙarninsa ba ya ɓoyuwa.

Larai ta karɓo wa mijinta kwalba ɗaya, ta cusa a zani. A tashar Funtuwa wani dattijo mai kumburarren leɓe ya shinshino ta, ya shaƙe mata wuya.

"Ba ni, 'yar nan! Idona ɗaya ya riga ya tafi!"

Ta lalubo dutse ta rotsa masa kai. Ya faɗi, bai ƙara motsi ba.

A gida mijin ya shanye maganin, ya dubi jinin hannunta.

"Faɗuwa na yi, Malam," ta ce.