Tattabarar da Ba Ta Sauka Ba

Sai da ya zuba kofi karo na uku sannan ya lura da tattabarar. A allon talabijin da ke ɗakin girki, wanda yake kallon rumfar shanu ta cikinsa, tana rataye a iska, fukafukai a buɗe, ba ta sauka ba, ba ta wuce ba. Ƙarƙashinta karsanarsa mai cikin fari tana tsaye lafiya, yadda yake ganinta tun safe.

"Tsohuwa, an ɗauke wuta yau?"

"Ta ƙifta kana cin ƙwai," in ji matarsa. "Ba ka je ka haɗa abin ba?"

Ko hula bai ɗauka ba ya keta dusar ƙanƙara. Kwamfutar da ke aiko hoton daga rumfar takan tashi da kanta idan wuta ta dawo, wayarta a jone, amma ba ta kama layi sai an danna mata; kafin nan allon yakan tsaya a kan hoton ƙarshe. Tun lokacin kaka 'yarsu ta kira daga birnin Winnipeg ta ce, "Baba, wuri ɗaya za ka sa wa alama, ta riƙa haɗa kanta." Ya ce mata a lokacin, "Yatsana bai karye ba, malamar birni."

Ya tarar da karsanar a kwance. Maraƙin ya zo ta baya ya maƙale, kuma duka biyun sun yi sanyi.

Ya komo ya zauna gaban allon, takalmansa na ɗiga ruwa.

"Ka sa alamar?" matarsa ta tambaya a hankali.

"Bari tukuna," ya ce. "A nan dai tana tsaye."