Dariyar Da Ke Bayan Muryar Shekari

Scholastica ba ta taɓa jin shirin barkwancin rediyo da masu sauraro ke kira a waya ba, domin duk Alhamis da yamma, lokacin shirin, tana coci wurin koyon waƙa. Amma saboda saurayinta Shekari, takardun zaɓe talatin ta rubuta ta kai gidan rediyo.

A zauren taro na unguwar Television aka sanar shi ne gwarzon masu kira na bana, aka miƙa masa kofi, aka sa kaset ɗin kiran da ya yi. Bayan muryarsa wata mace na ta ƙyaƙyata dariya: "Sheks, za ka kashe ni!"

Zaure ya ɗauki tafi. Oluchi, mai sabuwar wayar GSM ta haya a bakin titi, ta miƙe tana ɗaga hannu, alamar ita ce mai dariyar.

Shekari ya dawo ya ɗora wa Scholastica kofin a cinya. "Naki ne. Ranar Asabar manyana za su zo gidanku."

Ta daɗe tana kallonsa. "Sheks?"

Ya sunkuyar da kai. "Wayarta kawai nake ara, Schola."

"Ka ce wa manyanka su dakata." Ta mayar masa da kofin. "Kai wa mai dariyar. Ni da hannuna na zaɓe ku, har sau talatin."