Ruwan Tafkin Kaka

Duk tatsuniyoyin kakarmu makauniya a wani tafki na bayan Gagarawa suke faruwa, inda kifaye ke aurar da 'ya'yansu har da kalangu. Muka dami Baba sai da ya kai mu daga Gumel, a shekarar fari. Kaka ta miƙa masa gora ta ce, "Ka ɗebo mini ruwan."

Muka tarar tafkin ya ƙafe, ƙasa duk ta tsattsage. Baba ya cika goran a rijiyar bakin hanya.

Da la'asar Kaka ta kurɓa, ta daɗe tana kallonsa. "Wannan ai ruwan rijiya ne. Allah ya yi maka albarka."

Ba ta ƙara ambaton kifayen ba. Yau jikokina na roƙona tatsuniya, ni kuwa tsagaggiyar ƙasar nan kawai nake gani.