Ƙanzon Inna Tasalla

Shekara tara ke nan da hana cin girkin hannu a garin. Na'ura ke dafa wa kowa, mata sun fita aiki. Matan gidan da suka rage aka kwashe su zuwa Gidan Tarihi, wai don a karrama su.

Ranar Laraba Kubra ta saci jiki daga ofis ta je ganin mahaifiyarta. Ta iske Inna Tasalla a bayan gilashi, da lambar yabo a wuya, tana tuƙa tuwon dawa, 'yan kallo na ta tafi. Ko ƙamshi ba ya fitowa.

"Inna, sannu da aiki," in ji Kubra ta 'yar lasifikar bango.

"Yauwa, 'yar nan. Kin rame. Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci. Dubi yadda ake tafa miki! Da kina gida, wa ya taɓa ce miki sannu?"

"Babu," in ji Inna. "Amma kwanona kan dawo a suɗe."

Ta kwashe tuwon, malmala shida. Wata ma'aikaciya mai safar hannu ta juye shi a kwandon shara, kamar kullum.

Inna ta kankare tukunya, ta ɓamɓaro ƙanzo, rabon Kubra tun tana ƙarama. Ta manta, ta miƙo mata. Hannun ya bugi gilashi.

Agogon Kubra ya yi ƙara, ofis na kira. Ta tsaya cak, yawu ya cika mata baki. Inna kuwa ba ta sauke hannun ba.