Ɗumin Gwiwar Inna Tabawa

A zamanin da aka daina yanka gwiwa a Gusau, 'yan ƙwayoyin cikin gaɓa ake zuƙowa da allura, a raine su a kwalba kwana arba'in, sannan a mayar wa mai su.

Ranar da na mahaifiyarsa suka cika arba'in, Lawwali ya je ɗakin rainon. Zulai, mai kula da kwalaben, ta tarbe shi da fara'a.

"Na Inna Tabawa sun yi kyau, Malam. Da farko sun ƙi kama gindin kwalbar, yanzu kuwa sun shimfiɗu kamar tabarma. Yaushe za ka kawo ta?"

"Mun rufe ta ran Talata."

Zulai ta yi salati, ta yi masa ta'aziyya. Can ta ce, "Su kam ba su sani ba. Ko da safen nan sai da na ciyar da su."

Kafin a zuƙi ƙwayoyin, shekara uku Inna tana roƙon ya kawo ta asibiti, yana cewa sai bayan kaka. Ko tausa ta nema, amsarsa ɗaya ce: "Anjima, Inna."

"Liman ya ce a binne su gefenta," in ji shi.

Ta miƙo masa kwalbar. Ya zaci zai ji sanyi irin na jikin Inna ran Talata, sai ya ji ɗumi, ɗumin jikin mai rai.

Ya zauna a benci, ya ɗora kwalbar a cinya, ya shiga murza ta a hankali da tafin hannu, kamar mai tausa.

La'asar ta kawo jiki. Zulai ta leƙo.

"Malam, maƙabartar fa?"

Bai ɗago kai ba.

"Anjima," ya ce.