Tsakanin Tirela da Katanga

Ranar Lahadi ce. Bayan an tashi daga coci, Baba ya tafi da ni wani fili a Chikaji, inda yake ajiye tirelar da yake tuƙawa. Yayana Ishaku ne zai koyi shigar da ita da baya cikin wani lungu mai katanga hagu da dama. Ni kuwa ina zaune kan tsohuwar taya, ina shan rake.

Baba ya tsaya a baya, jikin katangar hagu, yana ɗaga hannu. "Zo, zo, a hankali! Kawo bayanta dama!"

Tirela ba ta bin hannu kamar ƙaramar mota. In aka juya sitiyari dama, hagu bayanta yake nufa. Ishaku ya manta, ya juya dama.

Ina kallo Baba ya ɓace tsakanin ƙarfe da katanga. Birki ya yi huci, sai wuri ya yi tsit. Warin gas ya cika mini hanci.

Can sai ga shi ya fito a gicciye, rigarsa ta coci a yage tun daga kafaɗa. Ishaku ya diro yana kuka. "Baba, na bari! Ba zan ƙara ba!"

"Koma ka hau," in ji Baba. "In ka sauka yau, ka sauka ke nan."

Ishaku ya koma ya hau. Baba ya kakkaɓe rigarsa, ya koma daidai inda aka kusa matse shi, ya ce, "To, zo."