Ƙafar Gaba ta Motar Tsoho

Malam Tukur, gyara zama in ba ka wani misali. An yi wani tsoho da ya sayi mota tun yana da ƙarfinsa, irin ƙirar da ɗin nan mai nauyin ƙarfe, ya yi shekara arba'in yana hawanta. Da ido ya yi rauni sai ya miƙa wa babban ɗansa makulli, ya roƙe shi abu ɗaya: kafin ya bar duniya a kai shi ƙauyen da aka haife shi, a cikin motar nan, ya ga kushewar mahaifiyarsa. Ɗan ya amsa da to. Ya kuma so motar ƙwarai, ya sake mata fenti, ya ɗinke kujeru, duk safiya sai an goge ta. Amma in ta faɗa rami sai ka ji ƙwas ƙwas daga gaba, sitiyari yana ja gefe guda, tayar hagu tana cinyewa ta ciki. Wani bakanike da ya san motar tun tana sabuwa ya ce masa ƙafar gaba ta gaji, ya kawo ta a kwance a duba. Ɗan ya ce sai bayan damina. Damina ta wuce, ya ce sai bayan salla.

Ana nan ciwo ya kwantar da tsohon. Wata safiya ya kira ɗansa ya ce, "Yau nake so mu tafi." Ɗan ya garzaya gareji. Bakanike ya ɗaga motar a jak, ya cire tayoyin gaba, ya kwance kayan ƙafa ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan buhu. Robobin duk sun farfashe suna zuba kamar busasshen ƙanzo. Sifirin ɗin hagu ya zauna. Mahaɗin da ke riƙe taya ya cinye har yana rawa a gurbinsa, ba ɗigon giris a ciki sai jar ƙasa. Bakanike ya sa ɗan ya taɓa da hannunsa, ya ce, "Ka ji? Irin wannan ba a samunsa a shago yanzu, sai an bi 'yan tsofaffin kaya. Ba ni kwana uku." Ɗan ya ce, "Baba ba shi da kwana uku. Mayar da su yadda suke." Bakanike ya cusa giris, ya mayar da kowane ƙarfe wurinsa, ya ɗaure notuna iya ƙarfinsa, ya ce, "Na ɗaure, amma ban gyara ba. Ka tafi a hankali."

A hankali kuwa ya tafi, tsohon yana kwance a kujerar baya. Sun gama kwalta lafiya, suka shiga hanyar burji da ruwa ya zaizaye. Saura tafiya kaɗan, har ana hango rimayen garin, motar ta faɗa wani ɗan kwari. Mahaɗin ya fita, taya ta lanƙwashe ta shige ciki, motar ta durƙusa da hanci a ƙasa. Ba wanda ya ji ciwo. Sai dai hanyar ba kowa, rana kuma ta take. Ɗan ya ɗauko mahaifinsa ya kwantar da shi a inuwar wata ɗorawa, yana yi masa fifita da hula, yana leƙen hanya. Tsohon ya tambaya, "Mun iso?" Ɗan ya ci gaba da yi masa fifita. Kafin wani mai amalanken shanu ya ɓullo da la'asar, rai ya yi halinsa. Gawa aka shigar garin. Motar kuma tana nan inda ta durƙusa, ɗan bai sake iya kallonta ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.